Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Kayan Rawa Daga Warki Zuwa Siket ɗin Raga

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun bara aka gayyace mu bikin yaye ɗalibai a wata makarantar firamare mai zaman kanta a garin Kaugama. Bayan an buɗe taro da addu'a, shugaban makaranta ya yi jawabinsa, sai aka ce yara za su nuna al'adun gargajiya. 'Yan mata ƙanana guda takwas suka fito, kowace da hijabinta da dogon wando, amma a kan wandon an ɗaura mata wani ɗan siket na raga mai ruwan hoda wanda ya buɗe kamar lema. Bayansu sai ga yara maza masu rawar manoma, suna riƙe da garemani na kwali, a ƙugunsu kuma an ɗaura musu ƙyallen buhun taki da aka tsattsaga bakinsa, wai shi ne warki.

Wani dattijo da ke zaune kusa da mu, wanda ya zo ganin jikarsa, ya karkato ya ce, "Malam, wannan ta 'yan matan kuma suturar wace ƙabila ce?" Muka ce, "Baba, ta 'yan rawar Turai ce, daga Faransa ta samo asali." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ta Faransa ta iso Kaugama da kyanta, namu kuwa da aka haifa a nan ya koma buhu." Ya shaida mana cewa shi ɗan hoto ne a zamanin ƙuruciyarsa, warkinsa ma yana nan rataye a ɗaki, sai dai babu ɗa ko jika da ya taɓa tambayarsa labarinsa.

Maganar wannan bawan Allah ita ce ta haifi wannan maƙala. Manufarmu ita ce mu bi sawun waɗannan suturu guda biyu, mu ga inda kowace ta fito, da abin da ya sa ɗaya ta kusa shekara 200 tana yawo a duniya, ɗayar kuwa tana neman ɓacewa a garin da aka san ta.

Siket ɗin da Ya Zo Daga Faransa

Turawa na kiran wannan siket tutu, sunan da a bakin Bahaushe ba a faɗarsa ana cin abinci. Ko a can gidansa ma sunan bai tsira ba, domin masana harshen Faransanci sun kasu biyu a kansa. Wasu sun ce daga sunan yadin ragar ya fito, wanda shi kuma ya ci sunan garin Tulle na Faransa. Wasu kuwa sun ce daga kalmar da yara ke kiran mazaunai da ita ne.

Rawar bale, wato rawar nan da ake ba da labari da motsin jiki ba tare da magana ba, ta faro ne a fadojin Italiya a ƙarni na 15. Daga nan ta ƙaura Faransa, inda Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa mata cibiya a shekarar 1661. A wancan zamani kayan rawa kayan fada ne: riguna masu nauyi da ke jan ƙasa, da takalma masu tsinin dunduniya, da gashin aro. Mace a cikin irin wannan kaya ba abin da za ta iya sai taƙama da rausaya.

Wadda ta fara taɓa tsawon rigar ita ce Marie Camargo, da ta soma rawa a birnin Faris a 1726. Ta iya tsalle tana buga ƙafafunta da juna a iska kamar yadda maza ke yi, to amma ina amfanin gwanintar da riga ta rufe? Sai ta rage tata zuwa saman idon sawu. Aka yi ta surutu, daga baya kuma aka bi ta.

Abubuwa biyu suka ƙarasa aikin. Tsakanin 1808 da 1809 wani mutumin Ingila, John Heathcoat, ya ƙera injin saƙa raga, yadi marar nauyi ya yi araha. A 1822 kuma aka fara kunna fitilun gas a babban gidan wasan Faris. Ran 12 ga Maris, 1832, Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide, wanda mahaifinta ya tsara, a matsayin wata aljana, tana sanye da farin siket na yadi shara-shara ninki-ninki da ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu. Da ta hau kan yatsun ƙafarta, hasken gas ya ratsa yadin, sai 'yan kallo suka ga kamar ba ta taka ƙasa. Daga ranar nan wannan siket ya zama tambarin rawar.

Sai dai kyan ya zo da hasara. Yadin nan da wuta kamar auduga ne da garwashi, fitilun kuwa a bakin dandamali suke, daidai ƙafar mai rawa. A watan Nuwamba na 1862 siket ɗin wata matashiya mai suna Emma Livry ya kama wuta ana gwajin wasa. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a watan Yuli na 1863 tana da shekara 20. Kafin haka an ba ta umurnin sa yadin da aka jiƙa da maganin wuta, ta ƙi, ta kuma sa hannu a takarda, saboda maganin yana sandarar da yadin, yana dusashe farinsa.

A ƙarshen ƙarni na 19 cibiyar rawar ta koma Rasha, inda gwanayen mata daga Italiya suka zo da juyi da sauri irin wanda ba a saba gani ba. A wasan Swan Lake na 1895, Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da siket mai naɗe gwiwa, don haka aka ƙara gajarce shi, aka jera raga ninki goma zuwa goma sha biyu, wani lokaci a sa zoben waya a ciki, har ya miƙe daga ƙugu kamar faifai. A 1950 wata maɗinkiya a birnin Niyok, Barbara Karinska, ta cire wayar, ta rage ninkin zuwa shida ko bakwai, domin siket ɗin ya daina karo da na maƙwabciya, ya kuma tsaya idan mai shi ta tsaya.

Mai karatu zai lura cewa duk sauyin nan buƙatar ƙafa ce ta kawo shi. Mu riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a gida.

Warki: Kayan Aiki da Ya Zama Kayan Ado

Kada wani ya ɗauka rashin tufafi ne ya sa ɗan rawar ƙasar Hausa ɗaura fata. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, saƙa da rini ne suka fi ba shi mamaki. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara, har zuwa Tambutu da Gat da Tarabulus, sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Daga Kano ya bi ta Gumel zuwa Barno, a zamanin da Sarkin Haɗejiya Buhari ke girgiza wannan yanki namu. Ƙasar da ke tufatar da wasu ƙasashe ba za ta rasa ƙyallen da ɗan rawarta zai ɗaura ba. Zaɓi ne ya yi, kuma yana da dalili.

Asalin warki, ko walki a wani karin harshen, kayan aiki ne. Manomi na ɗaura shi da damina don ya tsare jikinsa daga taɓo da ƙaya, ya kuma adana rigarsa ta zuwa kasuwa da masallaci. Maƙeri na ɗaura shi saboda tartsatsi, maharbi saboda sarƙaƙiya. Fatar akuya ce ko ta tunkiya, majemi ya jiƙa ta da ruwan toka ya cire gashi, ya jeme ta da bagaruwa har ta yi laushi. Sannan ta shiga hannun baduku, ya yanka, ya rina: ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Fatar jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi ita ce ayarin raƙuma ke ƙetara Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, alhali a nan aka jeme ta.

To, idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, sai kayan aiki ya koma kayan wasa. Lokacin nan ne ake kalankuwa da dambe da kokawa, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Warkin wasa ya bambanta da na gona, domin shi an tsattsaga bakinsa ya yi geza, an jera masa wuri da tuntaye, wani ma har da ƙananan madubai, ga guru da layu a ƙugu, ga kambu a damtse. 'Yan hoto, wato manoman nan masu rawa da garma, su ne suka fi fito da amfaninsa. Mutum zai cilla garma sama, ta yi juyi, ya tare ta, ya durƙusa, ya zabura, duk a kan kiɗa. Wanda zai yi wannan da babbar riga ya kira wa kansa ajali. Warki ya sakar masa cinya da kafaɗa, gezar kuma tana ƙara wa motsin ƙugu girma, yadda na can bayan taro ma zai ga abin da ake yi. Wannan shi ne aikin da ninkin raga ke yi wa 'yar rawar Turai.

Haka ɗan tauri, haka ɗan dambe, haka ɗan kokawa. Kowannensu suturarsa na faɗin sana'ar da ya fito daga cikinta tun bai buɗe baki ya yi kirari ba. Dambe an san shi da mahauta, hoto da manoma, tauri da mazajen farauta da yaƙi. Akwai kuma wani bambanci da ya cancanci a lura da shi. Siket ɗin Turai sai an auna mai shi kafin a ɗinka, warki kuwa ɗauri ne, babu awo, shi ya sa Bahaushe idan zai yabi mutumin da kowa ke amfana da shi yake ce masa warki daidai ƙugun kowa. Uba kan bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Ƙafa Mai Magana

Idan muka sauko daga ƙugu zuwa ƙafa, a nan ne hanyarmu da ta Turawa suka rabu. 'Yar rawar bale babban burinta shi ne ta sauko daga tsalle ba a ji ƙarar saukarta ba. Tana kan dandamali, 'yan kallo na zaune a duhu daga nesa, don haka suturarta don ido kaɗai aka yi ta. Ɗan rawarmu kuwa a ƙasa yake, cikin da'irar jama'a, ƙura na tashi, kuma ƙafarsa amsa take ba makaɗi. Saboda haka ne muka ƙirƙiro suturar da ake ji da kunne.

Akwai akayau na ƙarfe, aikin maƙeri, wanda ake ɗaurawa a ƙafa. Akwai cakansami, wanda ake saƙawa da kaba kamar ƙananan aljifai, a zuba tsakuwa a ciki, a jera a igiya. Akwai ƙoroso, wanda daga baya ya ba wata rawa sunansa. Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Nguru ya san arzikin goriba da Allah Ya yi wa wannan fadama. Hannun da ke saƙa tabarma da malafa da igiya daga kabarta, shi ne ke saƙa wa ɗan rawa kayan ƙafarsa. Dattawa kan gane gwanin rawa tun daga cikin gida, ba tare da sun leƙo ba, domin ƙafar da ta saɓa wa ganga ba ta ɓuya.

Su ma 'yan mata suna da nasu tsari. A dandali da farin wata, ko da yammacin ranar kasuwa idan mai kalangu ya zo, budurwa kan fito da zanen saƙi da fatala, da jigida a ƙugu, tsakiya ko murjani a wuya, warwaro a hannu, ga lalle ga kwalli. A wasan gaɗa yarinya kan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla. Wannan ya sa dole a ɗaure zane tamau, a yi ɗamara da gyale. Warwaron nan kuma ba ado kaɗai ba ne, yana ƙara wa tafi armashi. Maƙwabtanmu Fulani, waɗanda ba a raba su da wannan fadama, su ma ranar sharo saurayi kan fito ƙirji a buɗe, da duwatsun wuya da madubi a hannu, domin ƙirjin shi ne abin da aka zo gani.

Ƙoroso: Gargajiyar da Aka Haifa a Gaban Idonmu

Da yawa daga cikin yaranmu sun ɗauka rawar Ƙoroso tun kaka da kakanni take. Gaskiyar magana ita ce akwai masu rai a yau da suka girme ta. An haɗa ta ne a Kano a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Lokacin nan mu ma a Kaugama da Malam Madori da Auyo 'yan Jihar Kano ne, domin sai ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Bayan yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta fito da bikin nuna al'adu na ƙasa don ɗinke ɓaraka, aka yi a Legas a 1970, Ibadan a 1971, Kaduna a 1972. Kowace jiha na son fita kunya, Kano kuwa ta fita da Ƙoroso.

Abin da masu haɗa ta suka yi shi ne tsince daga nan da can. Suka ɗauko sarewa da lalajo na Fulani, suka haɗa da kayan ƙafa na gargajiya, suka ƙara da alkafura da lanƙwasa jiki, suka jera samari da 'yan mata bibbiyu. Sannan suka yi abin da ba a saba ba, wato suka ɗinka wa kowa kaya iri ɗaya. A dandalin ƙauye kowa da nasa warki, kowace da nata zane, kyan ma shi ne a bambanta. Amma da aka hau dandamali, aka ba ƙungiya mintoci ƙididdigaggu a gaban alƙalai, sai kayan bai-ɗaya ya zama tilas. Bikin FESTAC, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, tare da babban hawan dawaki a Kaduna, ya ƙara wa irin waɗannan ƙungiyoyi kasuwa.

Darasin Ƙoroso a fili yake. Hanyar da siket ɗin Turai ya bi, daga fada zuwa gidan wasa, ita ce kayanmu suka bi daga dandali zuwa dandamali, sai dai mu da latti muka soma. Kuma Ƙoroso ta nuna cewa gargajiya aba ce da ake iya gyara ta da gangan, jama'a su karɓa, har su manta an taɓa gyarawa.

Me Ya Sa Nasu Ya Ɗore, Namu Yake Ja da Baya?

Dalili na farko shi ne gida. Makarantar rawa ta gidan wasan Faris tana nan tun 1713. Tana da maɗinka, tana da ɗakin ajiya, tana da takardun awo. Mai zanen nan Degas ya ƙare rayuwarsa yana zana 'yan rawa da siket ɗinsu, marubuta suka rubuta, masu hoto suka ɗauka. Abin da ke da gida haka ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Har a Nijeriya, a 2020, duniya ta kalli bidiyon wani yaro ɗan shekara 11 yana rawar bale ba takalmi cikin ruwan sama a unguwar Ajangbadi ta Legas, inda ake koya wa yaran talakawa kyauta. Namu kuwa gidansa shi ne sana'a da kaka. Da suka girgiza, ya girgiza.

Na biyu shi ne sauyin rayuwar fadama. Farin 1973 da na 1984 sun tarwatsa garken dabbobi da rumbunan mutane. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ga kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta cinye gonaki. Ban da wannan, noman rani da ake yi a wajen Auyo da sauran fadamu ya cike watannin da a da na hutu ne. Saurayin da ya gama girbin gero da riɗi yanzu ko dai ya koma lambu, ko ya tafi cin rani Kano ko Legas. Alheri ne ta fuskar aljihu, amma wasa yana son sarari.

Na uku shi ne kasuwa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da waɗanda suka biyo ta, sun rage wa masaƙan gargajiya ciniki. Su ma daga baya suka durƙushe, ta Kadunan ta rufe a 2002, yadin Sin da gwanjo suka mamaye ko'ina. Fata kuma ta fi tsada a hannun kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa da Bomfai fiye da a hannun badukun ƙauye. Siket ɗin ragar da muka gani a bikin nan ta wannan hanya ya iso, a cikin dila, da araharsa. Malamar da ta saya ba ta yi laifi ba, shi ta samu a kasuwa.

Na huɗu shi ne addini da kunya, kuma a nan ya kamata mu yi adalci. Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 malamai ke tsawatarwa kan cakuɗuwar maza da mata a wurin wasa, da dogaro da layu da tsatsube-tsatsube. Yaɗuwar makarantun Islamiyya, da ƙaddamar da Shari'a a Kano da Jigawa a 2000, sun ƙara ƙarfafa wannan. Uban da ya hana 'yarsa fita dandali da ɗaurin ƙirji yana da hujjarsa, mu ma da ita muke tarbiyyar namu. Idan aka duba da kyau, tarihin kayan rawar Turai tarihin gajarcewa ne, daga ƙasa zuwa idon sawu, zuwa gwiwa, zuwa ƙugu. Namu kuwa tarihin tsawaita ne, daga bante zuwa wando, daga ɗaurin ƙirji zuwa riga da mayafi. Allah ɗaya, gari bamban. Kuskuren da muka yi shi ne, wajen zubar da abin da bai dace ba, mun haɗa da aikin baduku da na masaƙi, waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba.

Na biyar shi ne kallo. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen siliman Arewa, kuma da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, salon rawa da suturar Indiya ne suka fi rinjaye a cikinsu. Yaron da ya tashi da wannan a idonsa, sannan waya ta zo ta ɗora, ba zai nemi warki ba sai an nuna masa.

Inda Aka Riƙe, Ya Riƙu

Duk da haka ba a ce an yi asarar komai ba. Mu dubi 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar. A 1975, zamanin Shugaba Saini Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a birnin Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Gasar ta zama ta shekara-shekara, tana zagaya jihohi, ana ba wanda ya yi nasara takobi, rediyo da talabijin na watsawa kai tsaye. 'Yan kokawar suna shiga fage da walkinsu mai geza, an ɗora shi a kan wando. Sutura ta samu, gado ya tsira, baduku ya samu ciniki.

Haka hawan salla a Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse. Lifidi da kwalkwali da jalala da alkyabba ba su ɓace ba, saboda sau biyu a shekara ana buƙatarsu, kuma akwai fada mai kula da su. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Kayan sarauta sun samu uwa. Kayan talaka, na manomi da maharbi da budurwar ƙauye, su ne marayu.

Kammalawa

Ba mu rubuta wannan don mu ce a hana yara siket ɗin raga ba. Yarinya ta ga abu mai kyau ta so shi, kuma tarihinsa, kamar yadda muka gani, tarihin mutane ne da suka ɗauki sana'arsu da muhimmanci har wata ta rasa ranta a kai. Abin da muke cewa shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aka ce ta al'adunmu ce, bai kamata na aro ya fito da kyansa, na gida ya fito a buhu ba.

Nauyi na farko a kanmu yake, mu marubuta. Bargery ya tattara kalmominmu a ƙamusunsa na 1934. Ames da King sun tattara na kiɗa a 1971. Habib Alhassan da abokansa sun ba mu Zaman Hausawa a 1982. Waɗannan sun yi nasu, saura namu. Kowane reshe na ƙungiyarmu zai iya ɗaukar gunduma guda, ya zauna da tsofaffin 'yan hoto da 'yan tauri da dukawa, ya rubuta sunan kowane ɓangare na kayansu, da yadda ake yinsa, da lokacin da ake sa shi, a ɗauki hoto, a buga a wannan mujalla. Masu ƙagaggun labarai kuma su tuna cewa jarumi zai iya fitowa daga gona, ba sai daga ofis ba. Hukumomin al'adu na Jigawa su nemi irin waɗannan kaya tun suna hannun masu su, kamar yadda Gidan Makama ke adana na Kano. Shugabannin makarantu kuwa, kuɗin warki guda goma daga hannun baduku bai kai na hayar rumfa da kujeru na shekara biyu ba, kuma zai yi shekara ashirin ana amfani da shi.

Kafin mu rabu da dattijon nan mun roƙe shi alfarma guda, cewa bikin bana ya zo da warkinsa, ya nuna wa yara yadda ake ɗaura shi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ɗaurin dai zan iya, amma garmar sai dai wani ya cilla." Muka ce hakan ma ya isa. Allah Ya kai mu, Ya kuma sa mu dace, amin.